Rigar da Ba Ta Isa Aujara Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika san ni, ko da yake gwiwoyina sun daina yarda da durƙuso. Ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Ni ina nan a gidanmu na gindin duwatsu, gabas da Dutse, ni kaɗai. Shekaruna yanzu sun wuce waɗanda kika yi a duniya. Sai ki yi haƙuri da rubutun tsoho.

Wannan takarda zan bayar a buga ta, a kuma karanta ta a ƙofar gida, domin maganar ba taki ba ce ke kaɗai. Maganar riga da wandon nan ce da kika ɗinka wa amaryata, waɗanda suka ɓace daga cikin lefe. Kin rasu kina zaton Gwaggo Hansai ce ta ɗauke su. Har yau da wannan zato ake kallon jikokinta. Ba ita ba ce, Inna. Ni ne.

Bari in faro daga farko, saboda masu karantawa.

Ina ƙarami kuka tafi Makka a ƙasa, ke da Baba, kuka bar ni a hannun ƙanwarsa, Gwaggo Hansai. Ita ta goya ni, ita ta cire mini ƙaya, ita ta kai ni wurin wanzami ta tsaya a bayan danga tana kuka. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba. Shekara bakwai ba labarinku. Sannan wata rana ayari ya sauka, aka ce kin dawo, Baba kuma ya rasu, yana kwance can.

Na tuna yadda kika shigo gari. Matan garinmu duk ɗaurin ƙirji suke yi da baƙin saƙi. Ke kuwa sai ga ki cikin doguwar riga har gwiwa, mai tsaga a gefe da gefe, da wando mai faɗi da ya tsuke a idon sawu, da siririn mayafi da kika rataya a kafaɗu biyu. Ba wanda ya taɓa ganin mace da wando. Kafin a gama yi miki barka da sauka, magana ta zaga gari: wai Hajiya ta bar mijinta a Makka, ta dawo da wandonsa.

Daga baya muka ji labarin. Bayan rasuwar Baba kin zauna a gidan wata mata Musulma, mutuniyar ƙasar Hindu, kina taya ta ɗinki. Kina ce mata Bibi. Ba ku jin harshen juna sosai, amma ita ta rufa miki asiri, ita ta koya miki yanka da ɗinkin kayan ƙasarsu. Wandon kina ce masa shalwar, rigar kuma kamis.

Kina son ba da labarin kayan nan. Da hantsi mata sukan taru kina kaɗi, kina zayyana musu. Kin ce akwai wando mai yalwa kamar bujen mahaya doki, wanda ake tattara shi a ƙugu da zariya, sai ya zubo ninki-ninki. Akwai matsattse kamar tsala, wanda ake yi masa tsawon da ya fi ƙafa, don ragowar ta taru a idon sawu kamar an jera warwaro. Akwai riga miƙaƙƙiya ta aikin gida, akwai kuma wadda take kama ƙirji sannan ta buɗe ƙasa kamar laima, ta ranar biki. Matan sukan saurara da baki buɗe, in sun fita su yi dariya. Kin sani. Abin da kike cewa kawai shi ne, "Da irin wannan kaya na ga mata suna ɗawafi. Iska ba ta ɗaga shi."

Ni kuwa dariyar tana cina. Da aka ɗebi yara zuwa makarantar boko a Kano, ina cikinsu, sunan ya bi ni har can: ɗan mai wando. Na gama, na dawo ina rubuta wasiƙu a ƙofar hakimi, ina sa farar hula ina jin kaina wani ne, amma in abokan aiki suna so su ƙure ni sai su ce, "Malam, yau wa ya riga wani ɗaukar wando a gidanku?" Nakan yi dariya tare da su. Wannan ma ban taɓa gaya miki ba.

To, ni ne ɗanki na fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ba ki kallon idona, ba ki zama inda nake zaune. In za ki aiko mini da magana, sai ki ce wa Gwaggo, "A gaya wa yaron nan." Haka kowace uwa ta gari take yi da ɗan fari a lokacin, kuma an yabe ki a kan haka. Ina yaro na ɗauka ba ki damu da ni ba.

Da aka tsayar da maganar aurena da Dije, 'yar wani manomi a Aujara, kin aika aka sayo miki farin yadi a kantin Ringim, shekarar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa can. Kin fito da zaren alharinin da kika ɓoye a adaka tun dawowarki. Rani guda kika yi kina ɗinki a inuwar dabinon tsakar gida. Idonki ya riga ya fara rauni, sai kin ɗaga allura sama kin daɗe kafin zare ya shiga. Rigar mai buɗewa kika yi, ta biki, da ƙananan furanni ja a wuya da bakin hannu, da wando mai taruwa a idon sawu. Ba ki ce mini komai ba. Yanzu na gane duk abin da al'ada ta hana ki faɗa mini, a wuyan rigar nan kika sa shi.

Abin da na gani ni a lokacin daban ne. Na ga ranar kai lefe. Na ga matan Aujara sun kewaye tabarma, ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi, a ɗaga zane a yi guɗa, a ɗaga kallabi a yi guɗa, sannan a ɗaga wando. Na ji dariyar tun ba a yi ta ba. Na ga sunan ya tashi daga kanki ya koma kan matata.

Uwar ango ba ta kai lefe. Kin naɗe kayan kin ba Gwaggo, ta sa su a ƙasan kwandon kaba, ta ajiye a ɗakinta. Ana gobe za a tafi, bayan la'asar, Gwaggo ta fita rijiya. Na shiga ɗakin da na girma a cikinsa, na zaro kayan, na mayar da sauran yadda suke. Na kai su tsohon rumbun bayan gida na cusa a ƙarƙashin ƙaiƙayi. Na ce wa kaina ajiya ce, in biki ya wuce zan ba Dije a ɓoye.

Abin da ya faru a Aujara matan da suka je ne suka ba da labari. Kafin a buɗe lefe, Gwaggo ta miƙe ta yi shela da alfahari cewa akwai abin da uwar ango ta ɗinka da hannunta, irin na matan Makka, a shirya ganinsa. Aka ɗaga kaya har kwando ya ƙare. Ta kife shi, ta girgiza. An ce gumi ya jiƙa mata zane.

Da suka dawo, ba wanda ya ce sata da babbar murya. Cewa kawai aka yi, ai lefe ɗaki guda ya kwana.

Gwaggo ta same ni a zaure. Ta ce, "Ɗan nan, ko ka ga wani ya shiga ɗakina jiya?" Na ce ban gani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Allah ya sa albarka a auren."

Ke kuwa ba ki tambaye ni ba, ba kuma za ki iya ba. Na san haka tun kafin in sa hannu a kwandon. Da kunyarki na fake, Inna. Wannan ya fi satar muni a wurina.

Kin daina shiga gidan Gwaggo. Ba ku yi faɗa ba, ba ku ɗaga murya ba. Gaisuwa ce ta gajarce har ta koma ɗaga hannu daga nesa. Matar da ta riƙe miki ɗa shekara bakwai. Daga nan kuma ba a sake ba ta ajiyar kayan biki a dangi ba. In ta shiga taro sai mata su ja ƙullinsu kusa da cinya.

Bayan biki aka aike ni rangadi, ban dawo ba sai da damina ta yi nisa. Na je rumbun. Gara ta gama da kayan. Abin da ya rage zariya ce da ɗan yanki na wuyan riga, furanni uku. Na tona rami a bayan danga na binne. Da kayan suna nan, wataƙila da na sami ƙarfin fito da su in faɗi gaskiya. Haka dai na riƙa gaya wa kaina. Yanzu ban yarda da wannan uzuri ba.

Dije ta zauna da ke lafiya. Wata rana kin zayyana mata rigar, yankanta da furanninta. Ta zo tana gaya mini, idonta da hawaye, ta ce, "Malam, wallahi da na sa ta, ko duk Aujara za su taru a kaina." Na ce mata Allah bai nufa ba. Shekara arba'in da wani abu muka yi tare, ta rasu ba ta sani ba.

Ranar da kike jinyar ajali, Gwaggo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Kin ce a gaya mata kin yafe. Ta karɓi yafiyar laifin da ba ta yi ba, ta ce ta gode. Ina tsaye a wurin.

Yanzu in kin ga gari ba za ki gane shi ba. 'Yan mata suna sa irin kayanki, masu faɗi da matsattsu, launi-launi, suna wucewa ta ƙofar gida ba mai ko ɗaga kai. Tela ma yana da sunan kowane yanka. Abin da na ji tsoro har na yi wannan aika-aika ya zama kwalliyar Sallah. Amma sunan da na liƙa wa Gwaggo bai tsufa ba.

'Ya'yana biyu sun riga ni gidan gaskiya, na ukun yana nesa. Wadda take kawo mini kunu kullum da safe, ta share ɗaki, ta duba ko na sha magani, ita ce Hajara, jikar Gwaggo, mace mai 'ya'ya manya. Makon jiya ta shigo fuskarta ba daɗi. Za a kai lefen wani yaro a dangi, ita ce babbar gwaggonsa, amma aka ba wata ajiyar lefen. Da ta yi magana, wata tsohuwa ta ce mata cikin raha, "Ku ai gidanku lefe ba ya kwana."

Kwana shida na yi ina juya abin. Na san in na faɗa, wataƙila ba mai sake turo ƙofar nan. Jiya da ta ajiye kwano na ce ta zauna, na gaya mata duka, kamar yadda na gaya miki yanzu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce kakarta ta taɓa gaya wa mahaifiyarta cewa ta san wanda ya ɗauki kayan, amma ba da bakinta za a ji ba. Sannan ta ce, "Baba, mun zargi mutane da yawa a garin nan. Ban da kai." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ashe Gwaggo ta sani tun ranar da ta kalle ni a zaure.

Yau har rana ta take, Hajara ba ta zo ba. Ban ga laifinta ba, kada kowa ya gani. Ku da za ku ji wannan takarda, ku shaida: Hansai ba ta taɓa ɗaukar ko zare a lefen kowa ba. Ku mayar wa jikokinta abin da yake nasu. In ana neman gidan da lefe ba ya kwana, nawa ne.

Inna, ban san ko ana haɗuwa a can kafin ranar tsayuwa ba. In ana haɗuwa, ki je wurinta, ke ki fara gaisuwa. Ki gaya mata yaron nan ya faɗa, ko da ya makara.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba da Dije. Allah ya saka wa Bibi da ta rufa miki asiri a baƙuwar ƙasa. Allah ya ba Gwaggo Hansai ladan shirun da ta yi, ya tufatar da ku duka da kayan Aljanna. Ni kuma ya ba ni kwanakin da zan ji an karanta wannan a gaban mutane ina zaune, kaina a ƙasa.

Wassalam.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki kiran sunansa.