Za Su Tafi da Jirgin Babana

Anti Noreen,

Don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Babana matuƙi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana feshin gonakin alkama da wani ƙaramin jirgi na katako da yadi. Da ya ajiye aiki sai ya ba gidan adana tsofaffin jirage na garinmu jirgin kyauta. Yanzu ya haura casa'in, yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta cinye shi. Wani lokaci da sunan Mama yake kirana, ita da ta rasu tuntuni. Amma duk Lahadi in na tura shi a keken guragu cikin rumfar jiragen, da ya shaƙi warin mai sai ya dawo Babana sak. Ya shafa farfela, ya tsokane ni wai har yau ban iya ajiye mota daidai ba.

To, rufin rumfar na yoyo, masu aikin sa kai duk sun tsufa, sai kwamitin gidan jiragen ya sayar wa wani attajiri a New Zealand jiragen gaba ɗaya. Wata mai zuwa za a kwance fukafukan a loda. Yayana Garth yana cikin kwamitin, kuma ya ɗaga hannu ya amince! Na same shi har gida na ce ubanka ka sayar. Ya ce ke da ba ki taɓa share kashin ɓera a cikin fiffiken ba, kin fi kowa baki. Tun ranar ba ma magana. Lauya ya ce abin da aka bayar ya bayu. Ban gaya wa Baba ba. Ina zan kai shi ran Lahadi?

Ɗiyar Matuƙi, daga Mallee

Ƙanwata,

Ba zan yaudare ki ba, jirgin zai tafi. Kuma ina ganin ba jirgin kike wa kuka ba, Babanki ne, don a rumfar nan kaɗai kike samunsa. Wannan ya isa kuka.

Sai dai Garth bai sayar da kowa ba. Katako da yadi ba sa jure ruwa. Can kuwa watakila a gyara shi har ya sake tashi. Kin faɗa wa yayanki magana mai nauyi, ki je ki janye ta.

Ki kira attajirin da kanki, ki ba shi labarin nan yadda kika ba ni. Masu tara jirage na son sanin wanda ya tuƙa su. Ki roƙe shi ya bar jirgin Baba a lodin ƙarshe, kuma in zai sauya kujera ko farfela, ya bar muku tsohuwar. Zai iya ƙi, amma ki tambaya.

Kafin ki gaya wa Baba, ki shawarci masu jinyarsa. Labarin da zai manta, ya sake ji sabo kullum, azaba ce.

Ranakun Lahadin da suka rage kuma, kada ki ɓata ko ɗaya a fushi. Ki kira Garth ya zo ya tura keken. Shi ma ubansa ne.

Allah ya ba ki juriya, ya sassauta wa Baba.

Noreen