Shafin da Zai Juya Riga

Ƙofar Wambai, Bauchi.

Zuwa ga 'yata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Izzuddeen da ƙaramarku Madina. Allah Ya raya ta, Ya sa ta tashi da Hausa a bakinta duk da a Kuala Lumpur aka haife ta. Mu nan lafiya, sai gwiwata da ta saba. Innarki Rukayya ta samu sauƙin hawan jinin, ta koma faɗanta da kowa, wanda shi ne alamar lafiyarta. Ɗan'uwanki Ashiru ya gama bautar ƙasa, yana gida yana jiran aiki kamar sauran 'ya'yan mutane. Ba na ganin laifinsa, don ni ma na taɓa ɗauka takarda tana da daraja a ƙasar nan.

Na saurari saƙon muryar da kika turo a kan manhajojin gina shafin intanet, na maimaita har na kusa haddace shi. A ƙarshe kin tambaya cikin dariya, wai me tsoho ɗan fansho zai yi da shafi. Zan gaya miki, domin zaɓin da na yi ba zai yi miki ma'ana ba sai kin ji dalili.

Kin san shagon kakanki Malam Ikrima na Wunti, inda aka san shi da ɗinkin hannu na manyan riguna. Tun rasuwar mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, ni ke riƙe da shi tare da dattawan da suka rage daga almajiran ɗinkin Baba. To, Mansir mijin 'yata Fati ne ya kawo shawarar a buɗe wa shagon shafi. Ba ni ya gaya wa ba, innarki ya gaya wa, ita ta gaya mini, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da mijin 'yarsa ta fari. Na aika masa da akwatin rigunan Baba ya ɗauki hotunansu. Da aka zo rajista ya aiko a tambaye ni sunan wa za a sa da imel ɗin wa. Na ce ya sa nasa. Ina ni ina zama kafaɗa da kafaɗa da suruki muna leƙen kwamfuta ɗaya, har in buɗe baki in ce ya faɗa mini kalmar sirri? Kara na yi masa, irin wadda aka tarbiyyantar da mu a kanta. Ba na jin kunyar abin da na yi, shi ne ya kamata ya ji.

Bara sai ga Mansir ya sayi injin aikin riga, ya buɗe nasa shago wajen Shadawanka. Na sa masa albarka ta bakin innarki. Abin da ban sani ba, ya tafi da shafin gaba ɗaya. Sunan Malam Ikrima na nan a sama, hotunan rigunan Baba na nan, lambar waya da adireshi kawai ya sauya. Mutane na ganin aikin allura su yi oda, shi kuma ya aika musu da aikin inji. Ban farga ba sai ranar da wani dattijo daga Kaduna, wanda Baba ya ɗinka wa rigar aurensa, ya shigo shagonmu ya jefa wata riga a kan tebur gaban mutane. Ya ce ashe haka 'ya'yan Malam Ikrima suka koma, suna cin amana da sunan ubansu yana kabari. Sa'adiyya, na yi shekaru ina koyar da zane a kwaleji, an tsallake ni a ƙarin girma an ba waɗanda na koyar, na haɗiye. Wannan kam ta ƙi wucewa.

Na aika a gaya wa Mansir ya sauke sunan Baba. Amsar da innarki ta dawo da ita, wai kamfanin da aka gina shafin a wurinsu shi suka sani, ba su san wani Ikrima ba. Wai idan ina so zai sa hotona a gefe a matsayin mai ba da shawara. Sannan ya ƙara da cewa duniya ta ci gaba, a intanet ba wanda ke juya riga. Wannan kalmar ce ta ba ni abin da zan yi masa. Wataƙila kin yi ƙanƙanta ki tuna, amma Baba bai taɓa miƙa wa mutum riga ta fuskarta ba. A juye yake bayarwa, mai riga ya fara ganin bayan aiki kafin gabansa. Bayan aikin hannunmu a share yake, ba ƙulli, ba zaren da ke reto. Bayan aikin inji kuwa farar takarda ce manne, da zare a cukurkuɗe. Shafin da nake so ke nan: kowace riga gabanta da bayanta, tamu a dama, tasa a hagu, mutum ya sa yatsa ya buɗa hoton har ya ga sawun allura. Ba zan zage shi da kalma ko ɗaya ba. Hoton zai yi.

Yanzu ga manhajojin naki. Ta farkon, wadda kika ce ta fi sauƙi, mutum ya jawo hoto ya ajiye, kamfani ya riƙe komai a wurinsa, na yarda tana da kyau, kuma na san ita kika fi so mini saboda shekaruna. Amma irinta ce Mansir ya yi amfani da ita. Kin kuma faɗa da bakinki cewa in mutum ya tashi barin su ba ya iya kwashe shafin yadda yake, sai dai ya sake gini. Shagon haya ne a filaza, ranar da aka kai ƙorafinka ga mai gida sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mansir kuwa zai kai ƙorafi, na san shi. Ta ukun, wadda za ki zauna ki rubuta mini da hannunki tun daga tushe, ita ce ta fi burge ni, don ta yi kama da sana'armu. Sai dai duk ranar da nake son sauya hoto sai na jira ki farka a wata nahiya. Kada ranki ya ɓaci, ke 'yata ce, amma na gama ajiye makullina a aljihun wani, ko da na jinina ne.

Saboda haka ta tsakiyar na zaɓa, WordPress ɗin nan. Na ji gargaɗinki cewa tana son kulawa, ana sabunta ta, kuma sai na kama hayar wurin ajiya da sunan shafi daban. Na yarda. Zan koya, ƙwaƙwalwar da ta ci jarrabawa a Zariya ba ta mutu ba tukuna, an dai daina tambayarta ne. Abin da nake so ki yi shi ne ki zaɓo mini samfuri marar kwalliya, mai buɗewa da wuri ko sabis ya yi rauni, wanda rubutunsa ke fitar da haruffanmu masu lanƙwasa daidai. Rajista da sunana da imel ɗina, kalmar sirri ni zan ƙirƙira. Ki koya mini yadda ake ajiye kwafin shafin a kwamfutata, ta yadda ko an rufe nan gobe in tayar da shi a can. Ina so ya fito kafin azumi, lokacin da ake fara odar kayan Sallah, domin a nan ne Mansir zai fi jin zafi.

Na san abin da za ki ce, Fati fa? Shi ne abin da ya riƙe ni tsawon watannin nan. Innarki ta yi kuka, ta ce zan kashe wa yarinya aure a kan tsumma. Ni kuma ga wata matsala, ba ni da rigar Mansir da zan ɗauka hoto, dattijon Kaduna ya tafi da tasa, kuma duk wanda na aika ya sayo za a gane daga ina yake. Ranar Juma'ar da ta wuce sai ga Fati ta zo gaishe ni. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, na shirya jin roƙo, har na tanadi amsa. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta tambayi gwiwata, ta ce yara na gaishe ni, ta tashi. Bayan ta fita na ga leda a inda ta durƙusa. Babbar riga ce sabuwa daga shagon mijinta, da tambarinsa a wuya, kuma a juye ta naɗe ta.

Ban kira ta ba, ba ta kira ni ba. Na dai sa an gyara ɗakinta na da, an sauya labule, ko da za a buƙata. Allah Ya sa kada a buƙata. Amma shafin zai fito, kuma rigar nan ce za ta zama hoton farko.

Ki gaishe mini da Izzuddeen, ki ce ina godiya da haƙurin da zai yi da kiran da zan riƙa damunku da shi. Ki shafa mini kan Madina. Innarki Rukayya da Ashiru da 'yar'uwarki Ummi suna gaishe ki, dattawan shago ma sun ce a miƙa gaisuwarsu ga jikar Malam. Ina sauraron ranar da za mu fara darasi. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ku a baƙuwar ƙasa.

Wassalam.

Baffanki,
Abdulsalami Ikrima