Kada ki taɓa gwangwanayen Baba

Yaya,

Na fita ban tashe ki ba.

Jiya na cika baki a gaban abokaina masu son tsofaffin fina-finai. Na ce wanda bai kalli na zamanin da ba a magana ba, sai ido da hannu, bai kalli komai ba. Na gayyace su yau da la'asar in haska musu na marigayi Baba, musamman na mai wankin nan da iska ta kwashe wa shanya.

Ɗazu na buɗe ɗaya daga cikin gwangwanayen da Baba ya adana fina-finan a ciki. Fim ɗin ya yi danƙo, gefensa ya zama gari, ga wari mai hawa kai. Na kira tsohon mai gyaran injin silima, bai ma bari na gama ba. Ya ce irin wannan in ya lalace, zafi kaɗai ya isa ya kama da wuta, kuma ruwa ba ya kashe ta.

Na kwashe shida na kai inuwa bayan gida. Na tafi ɗauko mutumin. In abokaina sun zo, ki sallame su daga ƙofa.

Amma Baba bakwai ya bari. Ina jin na bakwai yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadon Mama. Don Allah kina tashi ki fito da ita daga ɗakin nan, kada ki gaya mata dalili.

Ƙaninki