Sakamakon Jarrabawar Baba

Ƙofar Galadima,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da kai. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, tunda da boko nake rubuta ta, kuma a kan bokon nan ne na yi maka laifin da nake so in faɗa yau.

Gida lafiya. Idanun Inna sun yi rauni, amma har yanzu ita ke rabon tuwo. Ƙanena Sani ya riƙe ɗinkin manyan riguna a zaurenka, sai dai hannunsa bai kai naka ba, shi ma ya sani. Katangar gabas ta faɗi da damina, mun tayar da ita da bulo. Ni kuma an ƙara mini girma. Yanzu ni ke tsara azuzuwan yaƙi da jahilci na cikin birni, ni ke kuma zagayawa in duba su. Mutane suna ta yi mini murna. Ba na jin daɗinsa, Baba.

Ka tuna shekarar da aka ce za a rufe ajin manya na Ƙofar Kibo saboda ƙarancin ɗalibai? Ni na buɗe ajin ina sabon ma'aikaci, idan aka rufe shi sunana ne zai ɓaci a ofis. Na zo na durƙusa a gabanka, na roƙe ka ka shiga, don na san in dattawa suka gan ka za su biyo. Kai da ka sauke Alƙur'ani tun ba a haife ni ba. Kai da ake kawo wa wasiƙun ajami daga unguwanni ka karanta wa mutane. A fom ɗinmu gida biyu ne kawai, wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. Da hannuna na sa sunanka a gida na biyu.

Ka shiga ajin. Kullum bayan la'asar sai ka soke allurarka a jikin riga, ka taka har makarantar firamare, ka zauna a bencin yara gwiwoyinka na tokare da tebur. Mutum takwas suka biyo ka, har da Malam Iro mahauci da ya rantse ba zai taɓa riƙe fensir ba. Ajin ya tsira, ni ma na tsira.

Sai ranar jarrabawa. Wani babban jami'i ya zo daga Kaduna don ya auna aikinmu. Malamin aji ya karanta tambayoyi, ni na tattara takardu. Na san boko bai zauna a hannunka ba, kullum biron so yake ya fara daga dama. Da na ɗaga takardarka sai na ga ka cika ta da ajami, layi bisa layi, tsaf kamar ɗinkinka. Na karanta ta a ofis washegari. Ba ka kuskure ko amsa ɗaya ba. Wasiƙar da aka ce kowa ya rubuta wa mai unguwa a kan gyaran rijiya, taka ta fi ta kowa ma'ana.

Ina cikin karantawa sai jami'in ya leƙo ta kafaɗata ya yi dariya, ya tambaye ni wane tsoho ne wannan. Ban ce ubana ne ba. Ya ce ƙa'ida ba ta san irin wannan rubutu ba. Ban yi musu ba. Na ɗauki jan biro na zana sifili a saman sunanka. Me ya hana ni buɗe baki? Me zai yi mini in na faɗa?

Da aka raba wa su Malam Iro satifiket, na ce maka taka takardar tana Kaduna, ana sake dubawa. Daga nan duk Juma'a in mun taso masallaci sai ka tambaye ni ko ta dawo. Ofisa kake kirana, tunda ba ka faɗin sunan ɗan fari. Ni kuma in ce tukuna. Shekara uku muna haka, har ciwon ƙirjin nan ya kwantar da kai.

Bayan sadakar arba'in Inna ta gaya mini abin da ka faɗa mata kana kwance. Ka ce ka san faɗuwa ka yi, ni kuma ina ɓoye maka ne don ladabi. Ka ce abin da ke damunka shi ne ka kunyata ni a gaban manyana. Da wannan ka tafi, Baba? Kana ganin kai ne ka kunyata ni?

Tun daga ranar ba na iya shiga aji hankali kwance. Ko da rana tsaka ne, in na ɗaga kai sai in ga kamar kai ne a bencin baya da farar hularka, ka sunkuya kana rubutu daga dama. In na raba satifiket sai in ga hannu ɗaya ya rage a miƙe. Ranar Juma'a kuwa na daina bin hanyar da muke bi.

Bara na matsa har aka ƙara gida na uku a fom ɗin, na masu ajami. An yaba mini a taro, an ce ina da hangen nesa. Ban gaya wa kowa inda na samo shi ba.

Takardarka ba ta taɓa zuwa Kaduna ba. Tana cikin akwatina, sifilin yana nan, na kasa goge shi, na kasa yaga ta. Ka tambaye ni shekara uku ban ba ka amsa ba, to ga ta yau. Ka ci, Baba. Duka ka ci. Ni ne na faɗi.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta.

Ɗanka na fari,
wanda kake kira Ofisa.