Ƙullin Rumbun Baba Ya Tafi Amurka

Ƙarfi, ta Malumfashi
18 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga ƙanena Shitu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara basira, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan muna godiya. An yanke dawa, audugar fadama ta tafi Funtuwa. Inno ta warke daga ciwon ƙafa, Hansai ta yaye yarinya. Baba dai hannunsa na dama ya ƙara rawa, har ƙoƙo sai an riƙe masa.

Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Baba sau biyu. Na fahimci abin da ka ce, kada ka ɗauka noma ya cinye mini kai. Ni na koya maka lissafi a ƙasa da tsinke kafin a cire ni daga kwalejin horon malamai in riƙe gandu. Ka ce in an ƙulla igiya aka haɗa bakinta biyu, ana so a gane ko ƙulli kaza da ƙulli kaza ɗaya ne ba tare da an yanka ba. Ka ce amsar tana cikin siffar sararin da ya kewaye ƙullin, kuma malamanku na zaton kowane irin sarari za a iya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da irin awonta. Har ƙa'idojin juya abu da maido shi za a riƙa kallonsu kamar siffa mai hanyoyi. Aikin shekarun gaba ke nan, in ji ka. Wallahi abin ya burge ni, kuma ya ƙona mini rai, don ina jin da ni ne a wurin da ba zan ba da kunya ba.

Ka roƙi a aiko maka da ƙulle-ƙullen gida don nuna wa ɗalibai. Baba ya sa na yanko igiyar rama, ya zauna a zaure yana ɗaurawa: na dami, na dabaibayi, zargen guga, na jinka. Kowa ya shigo sai ya ce masa ɗansa na can yana koya wa Turawa ƙulli. Ni da ke gefe ina ɗinke bakin igiyoyin yadda ka ce, ban ji sunana ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Duk wannan na haɗiye. Amma ranar Talata Baba ya ce in juya baya. Ka san ƙullin bakin rumbu, wanda yake dubawa ya gane ko an taɓa hatsi, wanda kakanmu bai nuna wa kowa ba sai shi, ranar da ya damƙa masa gidan. Shi ya ɗaura, da hannun nan mai rawa, ya naɗe a tsumma ya ce in sa a kwalin da za a aiko maka. Na tambaye shi ni fa? Ya ce ai ina nan, ba gudu zan yi ba, kai ne mai karatun abin. Shitu, kishinka nake yi, ba zan ɓoye ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ga taki nan na zuba maka.

Tsumman ban buɗe ba, Manu direba ya kai kwalin gidan waya na Malumfashi. Jiya Baba ya tashi rufe rumbu, ya yi ta fama, yatsun suka ƙi. Na tsaya ina kallo, shi bai ce zo ba, ni ban matsa ba. A ƙarshe zarge na yi irin na ɗaure akuya.

Inno da Hansai da Gwaggo Hajjo suna gaishe ka. Ka gaida Malam Buba abokin zamanka. In ka gama nazarin ƙullin, ka zana mini yadda igiyar ta bi, sama da ƙasa, ka aiko da sauri. Yanzu a duniya kai kaɗai ke da shi a ɗaure.

Naka yaya,
Lawal Maiwada