Saurayin da Ya Faɗi a Gonar Suruki

Mubi, Jihar Gongola
Agusta, 1988

Zuwa ga Miriyamuna, ruwan farkon damina, inuwar tsamiyata da tsakar rana, hasken idona!

Jarumin naki ne, Kalibu, wanda duk mutanen Duvu suka gani a sheme cikin gonar dawar Babanki. Kin gargaɗe ni. Likitan Indiya da ya dasa mini ƙodar yayata Dibora bara ma ya ce ban da aikin ƙarfi. To amma wane saurayi zai nemi 'yar Duvu bai yi wa suruki noma ba? Na saɓa fartanya ina hura hanci. Abokaina na gaba suna waƙa, ni kuwa sai ƙasa ta taso ta tarye ni! Na farfaɗo na tarar kina yi mini fifita da faifai, kina kuka kina dariya, Dibora kuma ta ci ɗamara tana ƙarasa rabona da ƙodarta guda.

Kaico, Miriyamu! Me kika gani a jikina? Magani ya kumbura mini fuska kamar kabewa, hannu na rawa, miyata ba gishiri. Ranar da na dawo daga asibiti, ƙanena ya wuce ni a tasha yana nemana. Ke kaɗai kika gane ni, wai kunnuwan dai nawa ne.

Na ji Babanki ya ce ba ragwancina ke damunsa ba, tsoronsa kada 'yarsa ta zama gwauruwa da ƙuruciya, kuma ya bar maganar a hannunki zuwa Lahadi. Bai yi ƙarya ba. Likita bai yi mini alkawarin furfura ba, ni ma ba zan yi miki ba. Ina jin tsoro, rabin raina, sosai ma. Amma na fi tsoron doguwar rayuwa babu ke.

Ba zan cika miki rumbu ba. Zan sha maganina kan lokaci, in koyar da ɗalibaina, in dawo wurinki duk yammar da Ubangiji ya ƙara mini. In kin ce a'a, ba zan riƙe ki a zuci ba. In kin yarda, ki zauna kusa da Dibora a majami'a ran Lahadi, zan hango daga wurin mawaƙa. Sai dai ki taho da faifan nan, don na san halina.

Naki kaɗai, iyakar kwanakin da aka ba ni,
Kalibu