Siririyar da Mai Kaurin

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kwamfutar da ka aiko ta iso. Da na ɗaga ta sai da na sake leƙa kwalin, don na zaci murfin kawai na ɗauko. Na san saboda ciwon kafaɗata ka zaɓi siririya. Batirinta kuwa tun safe har la'asar bai nemi caji ba. Allah ya saka maka da alheri.

Sai dai akwai maganar da nake jin nauyin faɗa. Ka san aikina, ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, in zo gida in yanke in haɗa. Da na zuba mata bikin 'yar maƙwabciyata, sai ta ɗau zafi, hoton yana tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Wai furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da gangan aka rage mata ƙarfi don kada ta sha batir, kuma siririn jiki ba ya da wurin babbar fanka. Ya ce in bar masa bidiyon ya haɗa a tasa.

Auta, ba zan iya ba. Matan nan sun ajiye mayafansu sun yi rawa ne saboda ni ce riƙe da kyamara. Mutumin kirki ne, amma ba shi suka amince wa ba.

Yana da wata mai kauri da zai musanya mini. Ban amsa ba, domin kyautarka ce, ba na son in juya ta ba da saninka ba. Uwar amarya tana jira. Idan ranka bai so ba, in ba ta haƙuri.

Yayarka.

*

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da ka ce ƙaramar ta fara takawa.

Na gode da kiran da ka yi ka amince a yi musanyar, har da tsiyar da ka yi mini, wai an ba ni tsuntsuwa na ce sai jaka, matar jaki. Na ji muryarka ta ɗan sauka kafin ka yi dariyar, kuma ban ga laifinka ba, ka sha yawo kafin ka zaɓo ta.

To jakar ta zo. Nauyi kamar dutsen guga. In ta kama aiki fankarta tana huci, har mai gidan ya leƙo ya tambaya ko jirgin namu ya kusa tashi. Batirin ba ya kai ni daga azahar zuwa la'asar, don haka na ja teburina jikin soket, can bayan ƙofa. Kafaɗar tana magana, ina shafa mata magani. Amma hoton yana tafiya sumul.

Jiya na kai wa uwar amarya da hannuna. Muka kalla tare, tana dariya tana share hawaye. Da aka zo wurin da ita kanta ta shiga fili, ɗankwali ya zame, sai ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya ta ce, “Waye ya gani bayan ke?”

Na ce babu kowa. Ban sunkuyar da kai ba wajen faɗa, kuma kai ka ba ni wannan.

Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Ka gaida mai ɗakinka.

Taka har kullum,
Yayarka.